Kwamfuta ta nuna kore amma awon majinyaci na ta sauka: yaya ake shigarwa, yaya ake karantawa?

SabuwarNas

Assalamu alaikum, manyana da abokan aiki. Tambaya nake tafe da ita a kan shigar da awon majinyata cikin kundin kwamfuta, wato numfashi, bugun jini, awon jini, zafin jiki da iskar oksijin. Bari in kawo misali don a gane inda na dosa.

A ɗauka dattijo ne ɗan shekara 68, nauyinsa kilo 70, kwana biyu da yi masa tiyatar hanji. Ya daɗe da hawan jini, yana shan bisoprolol kullum, kuma an rubuta masa farasitamol gram 1 duk bayan awa 6. Ga abin da kundin ya nuna:

6 na safe: numfashi 16, oksijin 97, awon jini 138/82, bugu 78, zafi 36.9
12 na rana: numfashi 18, oksijin 96, awon jini 126/76, bugu 86, zafi 37.4
6 na yamma: numfashi 20, oksijin 96, awon jini 112/70, bugu 90, zafi 37.9

Ba a sa masa oksijin ba, kuma yana cikin hayyacinsa. Manhajar tana lissafa makin NEWS2 da kanta, wato makin gargaɗi da ake haɗawa daga waɗannan awon, wanda ke hawa idan jiki na rikicewa, duk sau ukun sifili ta bayar, kowane gurbi kore shar. Irin wannan a bar shi sai zagaye na gaba, ko a kira likita? In za a kira, da wace hujja, tunda kwamfutar ba ta ɗaga komai ba?

Sannan idan nas ta auna mutum goma sha biyu a jere tana rubutawa a takarda, sai bayan awa guda ta samu zama gaban kwamfuta, wane lokaci za ta sa? Idan kuma ta buga lambar da ba daidai ba, ko ta zuba awon wani a shafin wani, yaya ake gyarawa ba tare da an ga kamar ɓoye laifi take yi ba? Na gode.

MalamarJinya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. A kira likita. Amma kafin a ɗaga waya, a koma bakin gadon a sake awon nan da hannu, a natse, minti biyar ya isa.

Ki dubi awon ƙarfe 6 na yamma ki jera shi da jadawalin NEWS2, za ki ga kowace lamba a bakin iyaka take tsaye. Numfashi 12 zuwa 20 sifili ne, amma 21 maki 2 ne. Oksijin 96 sifili, 95 maki 1. Lambar sama ta awon jini daga 111 take sifili, 110 maki 1. Bugu 90 sifili, 91 maki 1. Zafi har 38.0 sifili, 38.1 maki 1. Ki haɗa su ki ga: numfashi ɗaya, bugu ɗaya, milimita biyu, ɗigo biyu na zafi da kashi ɗaya na oksijin, su ne tsakanin sifili da maki 6. Maki 5 kuwa shi ne inda tsarin ya ce a kira likita da gaggawa, a koma awo aƙalla duk awa. Manhaja ba ta san kusa da iyaka ba, abin da ta sani an tsallake ko ba a tsallake ba. Ita kanta ƙungiyar likitocin Landan da ta fitar da NEWS2 a 2017, Royal College of Physicians, ta faɗi ƙarara cewa idan hankalin ma'aikaci bai kwanta da majinyaci ba, ya nemi a duba shi ko da makin ƙasa yake.

Lambar da na fi zargi a misalin nan ita ce 20 ɗin numfashi. Duk sauran na'ura ce ke bayarwa, numfashi kuwa mutum ne ke ƙirgawa, shi ya sa ya fi kowanne shan ƙiyasi. Idan kika buɗe kundin ɗaki guda kika tarar da 18, 20, 18, 20 daga gado na farko har na ƙarshe, to ba ƙirgawa ake yi ba. Alhali numfashi na daga cikin abubuwan da ke fara sauyawa idan jiki ya soma rikicewa, sau da yawa tun kafin awon jini ya motsa. A ƙirga minti guda cur da agogo mai daƙiƙa. Ki riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jini kike ji, idonki a kan ƙirjinsa ko cikinsa, domin da zarar mutum ya san ana ƙirga numfashinsa sai ya sauya shi. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yana mai da kuskuren numfashi ɗaya ya zama huɗu: biyar ya ba ki 20, shida ya ba ki 24, kuma wannan bambancin sifili ne da maki 2. Ki lura kuma ko yana iya kai ƙarshen magana ba tare da ya tsaya ya ja iska ba, ko jijiyoyin wuyansa na tashi. Waɗannan ba su da gurbin lamba, a wurin bayani ake rubuta su.

Awon jini kuma, yawancin kuskurensa daga ɗamarar da ake naɗawa a damtse yake fitowa. Jakar iskar da ke cikinta ya kamata faɗinta ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na kewayen damtse, tsawonta kusan kashi 80. Ta manya da aka saba gani tana dacewa da damtse mai kewayen santimita 27 zuwa 34, babba kuma 35 zuwa 44. Ƙaramar ɗamara a kan babban damtse tana ɗaga lamba, babba a kan siririn hannu tana saukar da ita. To idan nas ɗin safe ta yi amfani da ƙarama, ta yamma ta yi da babba, sai a ga "faɗuwa" a kwamfuta wadda ba ta faru a jiki ba, ko kuma akasin haka, faɗuwa ta gaskiya ta ɓuya. Shi ya sa gurbin girman ɗamara, da wane hannu, da ko a kwance ko a zaune, ba ado ba ne. A cike su. Hannu ya kasance daidai da zuciya kuma a tallafe, ba a kan riga ba, majinyaci ya yi shiru. Kada a ɗaura a hannun da ƙarin ruwa ke shiga, ko wanda aka yi wa haɗin jijiya don wankin ƙoda, ko ɓangaren da aka cire wa kaluluwar hammata a tiyatar mama. In da hannu ake aunawa, a saki iska a hankali, milimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa, sautin farko shi ne lambar sama, inda sauti ya ɗauke shi ne lambar ƙasa. A rubuta abin da aka ji. 112 ba 110 ba ne, ba kuma 120 ba.

Bugun jini, kada a tsaya ga lambar da na'urar yatsa ta nuna. A sa yatsu a ji: a jere yake ko yana tsalle, cike yake ko siriri kamar zare, hannun da ɗumi ko sanyi ƙalau da gumi. Idan ba a jere yake ba, a ƙirga minti guda, a kuma auna awon jini da hannu, don na'ura mai hura kanta tana yawan kuskure a bugun da ba shi da tsari.

Zafin jiki, a zaɓi inda aka auna. Na hammata yakan yi ƙasa da na baki da kusan rabin digiri, saboda haka 37.9 na hammata ya riga ya wuce 38 a cikin jiki. In a baki ne, a jira minti 15 zuwa 30 bayan ya sha abu mai zafi ko sanyi.

MaiKulaDaManhaja

Malama ta gama da ɓangaren bakin gado, Allah ya saka. Ni zan ɗauki tambayoyin kwamfuta.

Lokacin da aka auna, shi ake sa wa. Kundi mai kyau yana ajiye lokuta biyu dabam: lokacin awo, wanda ke kike da ikon sauyawa, da lokacin shigarwa, wanda manhaja ke bugawa da kanta kuma ba ya goguwa. Matsalar ita ce yawancin manhajoji suna cika gurbin lokacin awo da "yanzu", mai sauri kuma ba ya duba wurin. Ga abin da hakan ke jawowa: an auna awon jini 168/96 da ƙarfe 2:10, an ba da maganin hawan jini 2:30, an shigar da awon 3:25 ba a gyara lokaci ba. Likitan da ya buɗe shafi zai ga 168/96 awa guda bayan magani, ya ce maganin bai yi aiki ba, ya ƙara wani. Haka kuma manhaja daga lokacin awo take lissafa sa'ar awo na gaba, to kin ga jinkirin shigarwa ya tura zagaye na gaba baya. Shigarwa a makare ba laifi ba ne idan lokacin gaskiya aka sa. Sai dai fa duk tsawon lokacin da lamba ke aljihunki a takarda, babu makin da aka lissafa, babu gargaɗin da ya tashi. Don haka idan ba za a iya shigarwa a bakin gado ba, duk awon da ya saɓa a shigar da shi nan take, kafin a wuce gado na gaba, sauran su jira.

Gurbin da ba a auna ba a bar shi babu komai, a zaɓi dalili: majinyaci ya ƙi, yana ɗakin hoto, na'ura ta lalace. Kada a sa sifili don manhaja ta bari a wuce, kada kuma a kwafo lambar ɗazu. Maɓallin kwafo awon baya, inda yake akwai, ya kamata a kashe shi a shafin awo gaba ɗaya, a ra'ayina. Ki kuma tambayi masu kula da tsarinku abin da manhajar ke yi idan gurbi ɗaya ya rage. Wasu suna ƙin ba da maki, wasu suna ba da jimillar abin da aka cika kawai. Na biyun nan haɗari ne, don majinyacin da ba a ƙirga numfashinsa ba zai iya fitowa da maki 1 alhali na gaskiya 4 ne.

Kuskuren buga lamba iri biyu ne. Akwai wanda manhaja ke kamawa, kamar 63.8 a madadin 36.8, saboda an sa iyakar da ba za a iya tsallakewa ba. A manhajar kundin asibiti ta OpenMRS misali, kowane awo na lamba ana iya sa masa iyaka hawa uku: ta lafiya, ta haɗari, da wadda ba ta yiwuwa. Akwai kuma wanda ba za ta taɓa kamawa ba, kamar 68 a madadin 86, ko a sa bugu a gurbin lambar ƙasa, don duka lambobi ne masu yiwuwa. Maganin wannan karanta layin sau ɗaya kafin a danna ajiye. A kula da ma'auni ma: tamomita mai nuna 98.6 ko 100.4 Farenhait take bayarwa, daidai da 37 da 38 a Salsiyos. A cire 32, a ninka da 5, a raba da 9, ko mafi sauƙi a sauya saitin tamomitar.

Gyara kuwa, a kundin kwamfuta babu abin da ke goguwa da gaske. Ana buɗe awon, a zaɓi gyara ko "an shigar bisa kuskure", a rubuta dalili a taƙaice, a sa lambar daidai da lokacin awon asali. Tsohuwar lamba tana nan a tarihin shafi tare da sunan wanda ya sa, da wanda ya gyara, da sa'ar gyara. Wannan tarihin shi ke kare ki. Abin da ke jawo zargi shi ne a sauya lamba babu dalili bayan majinyaci ya rikice, ko a shiga da kalmar sirrin wani. Idan awon wani ya faɗa shafin wani, aiki ya zama biyu: a soke a shafin da ba nasa ba, a shigar a shafin mai shi, a sanar da shugabar ɗaki da likita, a duba ko an riga an ba da magani ko an fasa bayarwa bisa lambar kuskuren, sannan a cika takardar rahoton kuskure. A wurin dalili kada a rubuta sunan ɗayan majinyacin, "shafin da ba daidai ba" ya wadatar. Hanyar kauce wa wannan tun farko ita ce tantance mutum da abu biyu, suna da ranar haihuwa ko lambar asibiti. Lambar gado ba ta cikin lissafi, gado ana sauya shi. Inda ake da abin hannu mai lambar sikanin, na hannun majinyaci ake sikanin, ba takardar da ke manne a fayil ba.

Inda na'urar lura ke tura awo kai tsaye zuwa kundi, an huta da kuskuren bugawa, amma sai nas ta tabbatar da kowace lamba kafin ta zama ta dindindin. Makamin yatsa ya zame, oksijin ya nuna 71. Majinyaci yana goge baki, bugu ya nuna 180. Mafi muni, an sallami mutum ba a raba na'urar da shafinsa ba, sabon da aka kwantar a gadon awonsa na ta zuba a shafin wanda ya tafi. Agogon na'ura ma a duba ya yi daidai da na kwamfuta.

Ga masu haɗa tsari da tsari: a LOINC, tsarin da ke ba kowane irin awo lambar shaida, bugu 8867-4 ne, numfashi 9279-1, zafin jiki 8310-5, lambar sama 8480-6, lambar ƙasa 8462-4. Abin da aka rubuta a wurin bayani ba ya ɗauke da waɗannan lambobi, don haka ba ya shiga maki, ba ya hawa zane. Lamba a gurbinta, bayani a nasa.

DaktaTiyata

Sista, wannan kiran ina so a yi mini shi, kuma ga hujjar da za ki riƙe.

A awa 12 lambar sama ta sauka da 26, bugu ya hau da 12, numfashi ya hau da 4, zafi ya hau da digiri guda. Duka huɗun hanya ɗaya suka dosa, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ki raba bugu da lambar sama: da safe 78 bisa 138 ya ba da 0.57, da rana 0.68, da yamma 90 bisa 112 ya ba da 0.80. A mai lafiya wannan lissafin yana zama tsakanin 0.5 da 0.7, idan ya doshi 1 kuwa jini ko ruwa ya ragu sosai ko cuta ta shiga jini. A tsohon jadawalin takarda inda bugu da awon jini ke layi ɗaya, ido na ganin layukan biyu suna matsowa kusa da juna. A kwamfuta, idan shafin teburi kawai ake buɗewa, wannan hoton ya ɓace. A saba da buɗe shafin zane, a sa shi ya nuna awa 24 ko 48, musamman lokacin miƙa aiki.

Sai magunguna. Bisoprolol yana danne bugun zuciya, aikinsa ke nan. Mutumin da ke shansa zai iya zubar da jini mai yawa bugunsa bai kai 100 ba, saboda haka 90 a wurinsa ya fi 90 nauyi. Farasitamol duk awa 6 yana danne zazzaɓi, to 37.9 a ƙarƙashin magani ba ƙaramin abu ba ne. Tsofaffi ma da yawa cuta na shiga jininsu ba tare da zafi ya tashi ba, wasu zafin ma sauka yake yi. Kuma mai hawan jini da ya saba zama a 140 ko 150, idan ya sauko 112 ƙodarsa ta ji a jikinta ko da manhaja ta ce kore. NEWS2 ba ya duba magani, ba ya duba inda mutum ya saba zama.

Kafin ki kira, ki haɗa da waɗannan: fitsarin awa 6 da suka wuce, wanda bai kamata ya gaza mililita 0.5 a kowane kilo a awa ba, wato 35 a awa ga mai kilo 70; abin da robar ciki ta fitar, yawansa da launinsa; bandejin wurin tiyata; ko cikin ya kumbura ko ciwon ya sauya; sannan ki danna farcensa daƙiƙa 5 ki saki, jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. Abin da ke zuwa zuciyar likita a nan shi ne zubar jini a ciki, ƙarancin ruwa, cutar huhu, gudan jini a huhu, ko yoyon ɗinkin hanji, ko da yake wannan ya fi bayyana bayan 'yan kwanaki. A waya ki bi tsarin SBAR, wato halin da ake ciki, tarihin majinyaci, abin da kika gano, da abin da kike so a yi. Misali: "Dakta, majinyacin tiyatar hanji ne, kwana biyu, yana kan bisoprolol. Makinsa sifili amma awon jini ya sauka daga 138 zuwa 112 tun safe, bugu ya hau zuwa 90, fitsari mililita 120 a awa 6. Hankalina bai kwanta ba, ina so a zo a duba shi cikin rabin awa, zan ci gaba da awo duk minti 30." Ki rubuta a kundi sa'ar da kika kira, wa kika kira, me ya ce. Maganin hawan jini na gaba kuma a tambayi likita kafin a bayar, kada a bayar kai tsaye, kada kuma a dakatar da bisoprolol da ra'ayin kai.

Zan ƙara magana a kan oksijin, don a nan kundi ke yaudarar mutane. Lambar oksijin ba ta da ma'ana sai an san me mutum ke shaƙa. 96 a iskar ɗaki dabam, 96 a kan lita 15 da abin rufe fuska mai jaka dabam. NEWS2 maki 2 yake bayarwa ga duk wanda ke kan oksijin, lita 2 ne ko 15, don haka mutum zai iya tashi daga robar hanci zuwa abin rufe fuska makinsa bai motsa ba. A cika gurbin na'ura da na lita a kowane zagaye, ƙaruwar lita kuma a ɗauke ta dalilin kira.

NEWS2 yana da ma'aunin oksijin biyu. Na biyun, mai burin 88 zuwa 92, na waɗanda gwajin iskar jini ya tabbatar suna tara iskar kabon ne, galibi masu COPD, wato daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin huhu. Likita ne ke yanke hukuncin sauyawa, a rubuce. Nas kada ta sauya shi don a huta da gargaɗi, domin a ma'auni na biyu mai ciwon nimoniya da ke kan 89 sifili zai samu a wannan gurbin, alhali a na farko maki 3 ne.

Na'urar yatsa kanta tana da iyaka. Yatsa mai sanyi, fentin farce, karkarwa da raunin bugu duk suna ɓata karatu, a jira zanen bugun ya daidaita kafin a ɗauki lamba. Wanda ya shaƙi hayaƙi mai kabon monoksaid za ta nuna masa lamba mai kyau ta ƙarya. Mai ƙarancin jini sosai zai iya nuna 99 alhali jinin da zai ɗauki iskar ne babu. Akwai kuma launin fata: binciken Jami'ar Michigan da ya fito a New England Journal of Medicine a Disambar 2020 ya gano cewa a cikin waɗanda na'urar ta nuna wa 92 zuwa 96, baƙaƙen fata sun kusa ninka farare sau uku wajen samun oksijin na gaskiya ƙasa da 88 a gwajin jini. Idan majinyaci na haki, na'ura na cewa 95, a yarda da hakin.

Gurbin hayyaci kuma kada a danna "a farke" saboda idonsa biyu. Sabon ruɗewa, ya kasa gane inda yake ko yana maganar da ba ta kan hanya, maki 3 ne shi kaɗai. Masu jinyarsa su suka fi saurin ganewa, idan suka ce "ba haka yake ba jiya", a saurare su.

UngozomaDaYara

A ƙara da cewa NEWS2 ba na yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne, ba kuma na masu ciki ba. Manhaja da ranar haihuwa take zaɓar jadawali, to idan an yi kuskure a shekarar haihuwa wurin rajista, ko ba a danna cewa mace na da ciki ba, makin da ke fitowa ba nata ba ne.

A yara, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, saurin numfashi shi ne 60 ko fiye a jariri ƙasa da wata 2, 50 ko fiye daga wata 2 zuwa shekara guda, 40 ko fiye daga shekara 1 zuwa 5. A ƙirga minti guda yaro yana kwance shiru, kafin a taɓa shi da tamomita, don da ya fara kuka lissafi ya lalace. Yaro yana riƙe awon jininsa har ƙarshe, idan ya faɗi an makara, bugu da numfashi da sanyin hannu ake bi. Nauyi a kilo kawai. Yaro mai kilo 10 idan aka shigar da 22, wato nauyinsa a fam, farasitamol na miligram 15 a kilo zai fito 330 maimakon 150, kuma duk maganin da aka lissafa bayan nan zai bi wannan kuskuren.

A mai ciki, 140/90 bayan mako 20 abin bincike ne, a gwada fitsari. 160 a sama ko 110 a ƙasa gaggawa ce, a sake awo cikin minti 15, in yana nan a fara magani, ba a jira zagayen likita. A NEWS2 kuwa 165 sifili ne, kin ga haɗarin sa mai ciki a jadawalin da ba nata ba. Bayan haihuwa ma, mace mai ƙuruciya tana iya zubar da jini mai yawa awon jininta na tsaye, bugun ne ke fara hawa.

SabuwarNas

Allah ya saka da alheri, Malama, Dakta da kowa. Saura abu biyu. Idan manhaja ta tsaya ko intanet ta ɗauke tsawon dare, yaya ake yi da awon da aka tara? Sannan majinyacin da ke barci ƙarfe 2 na dare, lokacin awonsa ya yi, a tashe shi ko a rubuta yana barci?

MalamarJinya

Kowane ɗaki ya ajiye jadawalin takarda mai launi da teburin maki a jikinsa, don ranar da manhaja ta tsaya. A rubuta suna da lambar asibiti a kowace takarda, a lissafa maki da hannu a kowane zagaye, a kira likita bisa wannan makin kamar yadda aka saba. Idan tsari ya dawo, wadda ta auna ita ke shigarwa, kowane awo da sa'arsa ta asali, a nuna cewa daga takarda aka ɗauko, takardar kuma a ajiye ta a fayil. Gargaɗin da zai tashi a kan awon da ya wuce a rufe shi da bayanin abin da aka riga aka yi da lokacin da aka yi shi.

Mai barci kuma, makinsa ne ke yanke hukunci. Mai sifili da ke kwance lafiya, tsarin ya ce aƙalla duk awa 12, don haka ana iya tsara lokutansa tun da yamma yadda ba za su faɗo tsakar dare ba, da amincewar likita. Mai maki 1 zuwa 4 duk awa 4 zuwa 6 ne. Mai 5 ko fiye, ko mai 3 a gurbi guda, ko wanda aka yi wa allurar mofin, ko irin dattijon misalinki, a tashe shi. Ki fara ƙirga numfashinsa yana barcin, sannan ki kira sunansa ki taɓa kafaɗarsa. Daga bakin ƙofa ba a bambance mai barci da wanda hayyacinsa ke gushewa. Idan numfashi ya sauka 8 ko ƙasa, ko ya kasa farkawa sosai, ki tsaya a wurinsa ki sa a kira taimako, shigarwa a kwamfuta ta biyo baya da sa'ar da kika gani.